DALLA-DALLA: Abin da ke sa babur ƙin tashi idan inji ya ɗauki zafi

Akwai wata lalura da ’yan acaba da masu baburan hawa suka sani sarai. Babur zai tashi da bugu ɗaya da asuba, ya yi ta aiki lafiya lau, amma da zarar an kashe shi da rana tsaka don a sauke fasinja ko a sha mai, sai ya ƙeƙasa ƙasa. A yi ta buga kik har gumi ya jiƙa riga. Bayan minti ashirin ko talatin, idan injin ya huce, sai ya tashi kamar bai taɓa yin gardama ba. Wannan ne ke ruɗa mai shi, ya kuma ruɗa bakanike, domin kafin a tura shi zuwa gareji ya riga ya huce, matsalar ta ɓuya.

Ga wanda ke biyan balas kullum, rabin awa a gefen titi kuɗi ne da ba za su dawo ba. A ƙauyukan da babur ne motar ɗaukar mara lafiya da mai naƙuda, ko a hanyoyin dajin da tsayuwa kanta hatsari ce, al’amarin ya wuce na kuɗi.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 cikin ’yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. Hakan ya sauya yadda ake tuƙa babur. Mutum kan kashe inji a duk inda ya tsaya, ko da na minti biyu ne, saboda haka yawan tayar da inji da zafinsa ya ƙaru. Wasu kuma suna sa a matse musu kafireta don ta rage shan mai. Faɗuwar darajar naira ta tsadar da kayan gyara, aka koma ga na araha. Kowanne daga cikin waɗannan yana da hannu a lalurar da ake magana a kai.

Zafin da ke biyo bayan kashe inji

Yawancin baburan da ke titunan Arewa da Jamhuriyar Nijar, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da TVS da Haojue, iska ce ke sanyaya injinsu. Ba su da lagireto. Waɗannan haƙarƙarin ƙarfe da ke jikin silinda su ne ke miƙa zafi ga iskar da ke wucewa yayin tafiya. Idan aka tsaya, iskar ta ɗauke, amma zafin da ke cikin kan injin yana nan, sai ya bi ƙarfe ya bazu zuwa duk abin da ke kusa. Shi ya sa kafireta kan fi zafi bayan minti biyar da tsayawa fiye da lokacin da ake gudu. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, da ma’aunin zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, abin ya fi tsanani.

Fetur haɗin sinadarai ne da yawa, kuma mafi sauƙi daga cikinsu na fara tururi tun a wajen digiri 30 zuwa 40. Man da ke kwance a ƙoƙon kafireta sai ya ɗauki zafi, tururinsa ya cika bututun da ke shiga inji. Idan aka zo bugawa, mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, wuta ba za ta kama ba. Abin da makanikai ke cewa babur ya sha mai ke nan. Alamarsa warin fetur, da fulogin da aka kwance aka tarar da bakinsa a jiƙe.

A nan ne mutane da yawa ke ƙara dagula wa kansu al’amari. Da babur ya ƙi tashi sai hannu ya tafi ga cok, alhali aikin cok shi ne rage iska don mai ya ƙaru, kuma inji mai sanyi ne ke buƙatar haka. Abin da ya dace shi ne a tabbatar cok a kashe yake, a rufe makunnin mai, a murɗa totur har ƙarshe a riƙe shi a haka, a buga sau biyar ko shida don iska ta share man da ya taru. Idan ya tashi da baƙin hayaƙi, an gano bakin zaren.

Idan hakan na faruwa kullum, akwai abin da ke ƙara wa inji mai fiye da kima. Mafi yawa allurar da ke tsayar da mai a cikin kafireta ce ba ta toshewa sosai, ko don ta cinye, ko don wani ɗan tsaki ya maƙale mata. Man da aka ɗura daga galan ko kwalba a bakin titi ya fi zuwa da irin wannan datti, kodayake tsatsar tankin babur ɗin kansa ma tana yin haka. Ingancin man ma abin dubawa ne. A watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da kima, kuma irin wannan sinadari yana cin roba, yana kuma sa mai saurin tururi. Matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe ita ma tana shaƙe inji kamar an ja cok. Akwai kuma ɗan ƙaramin rami a murfin tanki da iska ke shiga ta nan. Idan ya toshe, mai ya daina sauka. Gwajinsa bai wuce a buɗe murfin ba. In aka ji ya ja iska, babur kuma ya tashi, to shi ne.

Bawul ɗin da aka ɗaure don ya yi shiru

Wannan ne dalilin da ya fi yawan ɓuya, kuma shi ne ya fi ɓarna idan aka bar shi. A kan kowane inji mai bugu huɗu akwai bawul na shigar mai da na fitar hayaƙi. Dole su rufe ruf a lokacin da fistin ke matse haɗin mai da iska, in ba haka ba matsin ya tsiyaye. Tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi, masu ƙera inji sun bar wani ɗan tazara da gangan, wanda a yawancin ƙananan injina bai wuce 0.05 zuwa 0.1 na milimita ba, wato kaurin gashin kai ko ɗan abin da ya fi haka. An bar shi ne domin ƙarfe na miƙewa idan ya yi zafi, musamman bawul ɗin hayaƙi, wanda zafinsa kan kai ɗaruruwan digiri.

Wannan tazara na iya ƙarewa ta hanya biyu. Da tafiyar lokaci bawul kan cinye mazauninsa ya nutse ciki, tazarar ta ragu da kanta. Hanya ta biyu aikin hannu ce. Mai babur ya kai ƙorafin cewa injinsa na ƙara ƙis-ƙis, bakanike ya ɗaure bawul da kunne, ba tare da ma’auni ba, har sai ƙarar ta ɗauke. Mai babur ya tafi yana murna injinsa ya zama sabo. Da safe ƙarfe na sanyi, bawul na rufewa da ƙyar, babur na tashi. Da rana ya miƙe, sai ya zauna a ɗan buɗe. Ƙafa ma tana iya shaida hakan: kik ɗin da ke da nauyi da asuba sai ya yi sakwaf da azahar.

Illar ba ta tsaya ga ƙin tashi ba. Bawul yana sauke yawancin zafinsa ne a lokacin da ya zauna a mazauninsa. Wanda ba ya zama sosai, wuta na bi ta gefensa har ta ƙona shi, sai an kwance kan inji. Matse kafireta don tsimin mai yana hanzarta wannan, domin haɗin da iska ta rinjayi mai a cikinsa yana sa kan inji ya ƙara zafi. Ɗan abin da aka rage a gidan mai sai a biya shi ninki a gareji. Fulogin da bakinsa ya yi fari fat shaida ce cewa an matse fiye da kima. Na lafiyayyen inji launin ƙasa-ƙasa yake yi.

Gyaran kansa ba shi da tsada, kuma ba a sayen komai. Sharaɗinsa biyu ne: a yi shi inji na sanyi, zai fi kyau wanda ya kwana bai yi aiki ba, sannan a auna da siraran farantan ƙarfen da aka yi don haka, bisa adadin da littafin babur ɗin ya faɗa. Bakaniken da ya buɗe murfin bawul babur na zuwa daga hanya, ya kama ɗauri da kunne, ya kamata a dakatar da shi. ’Yar ƙarar bawul ba ta kashe inji.

Wutar da ke ɗaukewa da zafi

Koyil ɗin da ke ba fulogi wuta, da wanda ke cikin magineto, siririn tagulla ne aka nannaɗe sau ɗaruruwa ko dubbai. Tagulla na ƙara taurin kai ga lantarki da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya na zafi. Lafiyayyen koyil na jure wannan. Amma idan wayar ta ɗan tsage a ciki, ko fentin da ke raba ta ya ƙone, sanyi na haɗe wurin, zafi na buɗe shi. Haka akwatin CDI, wanda ke tsara lokacin da wuta za ta tashi, yakan yi idan ya fara gajiya. Irin wannan babur wani lokaci ba ya jira a kashe shi, yakan mutu da kansa ana cikin tafiya, kamar an murɗe makulli.

Ba a iya kama wannan laifi sai a lokacin da yake faruwa. Saboda haka abin yi shi ne a kwance fulogi nan take, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina jikinsa da ƙarfen inji, nesa da ramin da aka cire shi da duk inda mai ya zuba, a buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙarfi na nufin a nemi laifi a wani wurin. Idan ja ce mai rauni, ko babu gaba ɗaya, sannan ta dawo bayan inji ya huce, to ɓangaren lantarki ne. A fara da mafi araha: fulogi, wanda buɗin bakinsa kan kasance 0.6 zuwa 0.7 na milimita a irin waɗannan babura, sai hularsa, sai wayoyin da suka kwance ko suka yi tsatsa, kafin a kai ga koyil da CDI. Kasuwar kayan gyara cike take da jabu, har kamfanin NGK na Japan ya sha gargaɗi kan fulogan da ake bugawa da sunansa. Sabon kaya ba hujja ba ce cewa lafiyarsa ƙalau.

Batun batir gajere ne. Idan sitata na juyawa a kasale amma kik na tayar da babur, injin ba shi da laifi. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 a kashe, kuma tsakanin 13.5 da 14.5 idan inji na gudu. Zafi na rage wa batir kwana.

Wani lokaci duka waɗannan sassa lafiyarsu ƙalau, injin ne ke ɗaukar zafin da ya wuce abin da aka ƙera shi a kai. Babur mai ƙarfin cc 100 da aka ɗora wa mutum uku da buhun masara, laka ta cike haƙarƙarin silindarsa, baƙin man da bai wuce lita ɗaya ba ya ragu ko ya tsinke, fistinsa na iya kumbura ya fara kamewa. A nan kik nauyi yake yi maimakon sakwaf, kuma ci gaba da bugawa ƙara karce silinda ne. Kwara wa irin wannan inji ruwan leda, kamar yadda ake gani a tashoshi, na iya lanƙwasa kan injin ko ya tsaga shi, domin aluminiyam ba ya jure sanyin farat ɗaya. A tura shi inuwa, a bar shi ya huce, a duba baƙin mai kafin a sake taɓa kik.

Masu Adaidaita Sahu, waɗanda suka mamaye titunan Kano tun bayan da gwamnatin jihar ta hana acaba a watan Janairun 2013, su ma abin ya shafe su. Injin kekensu mai silinda ɗaya ne, a rufe yake a baya inda iska ba ta isa sosai, yana kuma yini cikin cunkoso, don haka gwajin fulogi da awon bawul ɗin nan duk suna aiki a kansa.