Injin yankan ciyawa mai sarrafa kansa: tun ran gini, ran zane

A ƙasashen Turai, inda ake alfahari da shimfiɗaɗɗiyar koriyar ciyawa a harabar gida, injin da ke yankanta shi kaɗai ya zama ruwan dare. Kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin ya fito da mai aiki da hasken rana a 1995, samfurinsa mai suna Automower kuma ya biyo baya a 1998. Amma mai babban lambu ya sani, sayen injin ba shi ne wahalar ba. Girka shi ne.

Dole a fara koya masa iyakarsa. Tsohuwar hanya ita ce a zagaye lambun da siririyar waya, a kafe ta da ƙananan turaku ko a binne ta ƙasa kaɗan. Wayar tana fitowa ne daga tashar caji ta koma can, ɗauke da wata sigina mai rauni. Da injin ya ji ta, sai ya juya. Ana kewaye fangalin furanni da bakin tafki da ita. A fili mai faɗi akan ƙara wata waya ta jagora, wadda zai bi ta lungu ya koma caji kafin batirinsa ya mutu. Idan shebur ya tsinke wayar a wuri ɗaya, aiki ya tsaya cik.

Sababbin injina sun dogara da tauraron ɗan'adam da wata eriya da ake kafawa a sarari, har kuskurensu ba ya wuce 'yan santimita. Sai dai manyan itatuwa da dogayen katangu suna tare siginar, don haka lambu mai duhuwa ya fi dacewa da waya.

Wuƙaƙen injin ƙanana ne kamar reza; kan ciyawa kawai suke tsinka, ɓurɓushin ya zuba ya zama taki. Saboda haka a fara rage ciyawar da ta yi tsawo, a cike ramuka, a kwashe duwatsu.

Saura lokacin aiki, kuma nan ne amana take. Bushiya da dare take fitowa kiwo, in ta ji haɗari kuma ba ta gudu, dunƙulewa take yi, sai wuƙa ta same ta. Wannan ya sa birnin Kolon na Jamus ya hana amfani da injinan da dare a 2024. Injin ba ya tausayi, mai shi ne ke da wannan. A saita masa aikin rana, a bar wa 'yan halittun lambu darensu.