Tseren farko bayan jinya: Abin da agogo ba ya faɗa wa ɗan gudu

Ranar 7 ga Nuwamban 2010, Haile Gebrselassie na ƙasar Habasha ya shiga gudun fanfalaki na birnin New York, alhali a lokacin babu wanda ya taɓa karya tarihin da ya kafa a Berlin a 2008, na awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 59. Gwiwarsa ta riga ta kumbura tun kafin a tashi. Da aka ci kimanin kilomita 25 daga cikin 42, sai ya ja ya tsaya. Ko hucewa bai yi ba ya je gaban 'yan jarida ya ce ya yi ritaya. Bayan kimanin mako guda ya janye maganar, a watan Mayun 2011 ya lashe tseren kilomita 10 na Manchester, kuma bai bar fagen ba sai a 2015.

Idan mutumin da ya kusa shekara ashirin yana tsere, ga likitoci ga masu horarwa a bayansa, zai yanke irin wannan hukunci cikin ɓacin rai, ina ga matashin Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi? Manyan tseren kan titi na Nijeriya sun yi masa nisa. Akwai na Legas da aka fara a 2016, akwai na kilomita 10 da ake yi a Okpekpe ta Jihar Edo, an kuma yi na kilomita 21 a Kaduna a Nuwamban 2020. Kafin ya tsaya a layin tashi sai ya tara kuɗin mota da na masauki, ya bar rumfa ko ya nemi izini a wurin aiki. Wani kuma ba kofi yake nema ba, gudun tantancewa na shiga aikin soja ne a gabansa, kuma abincinsa ne ke rataye da shi. Ga duk waɗannan, a ce an gama jinyar ƙafa an dawo an zo can baya, abin ya wuce jin kunya kawai.

Sai dai agogon ranar farko bayan jinya ba gwanintar mutum yake aunawa ba. Abin da yake nunawa shi ne tsawon zaman da aka yi.

A 1984 wani masani ɗan Amurka, Edward Coyle, da abokan aikinsa suka sa wasu gogaggun masu atisayen juriya su ajiye atisaye ɗungurungum har kwana 84. A kwana 21 na farko, ƙarfin jikinsu na zuƙar iskar oksijin da sarrafa ta ya ragu da kashi 7 cikin 100. Zuwa kwana 56 ragin ya kai kashi 16. Daga cikin dalilan har da raguwar ruwan jini, ta yadda kowane bugun zuciya ke tura jinin da bai kai na da ba. A lissafi na sama-sama, wanda ya saba gama kilomita 10 a minti 45, idan ya yi asarar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, minti 50 zai gani a agogo, ko da ƙafar ta warke sarai. Wani ɓangare na binciken da ba a cika ambata ba shi ne cewa har bayan kwana 84 ɗin, mutanen sun fi waɗanda ba su taɓa atisaye ba. Shekarun da aka yi ana gudu ba sa zubewa a wata uku.

Matsalar da ta fi wannan ita ce sassan jiki ba sa farfaɗowa tare. Numfashi da tsoka kan dawo cikin 'yan makonni. Agara, wato jijiyar da ta haɗa sha-raɓa da diddige, ba ta samun jini sosai, saboda haka tana da nawa. Tsarin motsa ta da masu gashin ƙashi suka fi amfani da shi na mako 12 ne, kuma sau da yawa ana wuce haka. Tsagewar ƙashin ƙwauri, irin wadda yawan gudu ke jawowa ba tare da an faɗi ba, takan ci mako shida zuwa takwas kafin ma a yi maganar sassarfa. Ke nan akwai lokacin da ƙirji zai ce a ƙara wuta alhali ƙafa ba ta shirya ba, kuma a nan ne akan yi fami. Ga kuma tsoro. Wanda ya sha jinya yakan riƙa kare ƙafar ba da saninsa ba, ya rage tsawon taku, ya jibga nauyi a ɗaya ƙafar, wani lokaci ita ce za ta biya bashin.

Ɗan arewacin Zamfara yana da ƙarin nasa. Matsalar 'yan bindiga ta sa fita da asuba a miƙa kan hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko ta Zurmi ba abin da mai hankali zai yi ba ne, don haka atisaye ya koma zagayen filin makaranta da layukan cikin gari. Ƙafar da ta warke a kan rairayi da jar ƙasa, ran tsere sai ta tsinci kanta a kwalta na awa guda ko fiye. Jikin da ya saba da busasshiyar iskar hunturu, inda gumi ke bushewa nan take, sai ya faɗa cikin gumin Legas, inda zufa ke zuba amma ba ta sanyaya jiki. Mafi kyawun lokutan gudun fanfalaki a duniya ana samun su ne a yanayin da bai wuce digiri 10 zuwa 15 ba. Duk wanda ya kwatanta lokacinsa da na 'yan Jihar Filato, waɗanda ke atisaye a sanyin tsaunuka kuma suka saba mamaye rukunin 'yan gida a Legas, bai yi wa kansa adalci ba.

To, da me za a auna tseren? Da safiyar kashegari. Idan mutum ya tashi jikinsa duk ya yi tsami, cinyoyi biyu na ciwo iri ɗaya, amma wurin tsohon raunin shiru, to ya ci riba ko da shi ne na ƙarshe. Idan kuwa ciwon a wuri guda yake, wanda za a iya nunawa da ɗan yatsa a kan ƙashi, ko akwai kumburi, ko ɗingishi, ko zafin ya fi na jiya, wannan maganar asibiti ce. Ɓacin ran iri ɗaya ne, amma maganin ya bambanta ƙwarai, kuma a ranar tseren ba a iya tantancewa.

Kenenisa Bekele, shi ma ɗan Habasha, mai zinare uku a gasar Olamfik, ya fi kowa nuna yadda abin yake tafiya. A Janairun 2015 ya fice daga tseren Dubai bayan kilomita 30, ciwon agara ya hana shi zuwa Landan a shekarar. Ya dawo a Landan a Afrilun 2016 ya zo na uku, da awa 2 da minti 6 da daƙiƙa 36, sama da minti uku a bayan Eliud Kipchoge na Kenya. Hukumar ƙasarsa ta ajiye shi ba ta kai shi Olamfik na Rio ba. Wata biyar bayan Landan ya lashe Berlin da awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 3. Labarin bai miƙe daga nan ba, domin a Oktoban 2018 ya sake ficewa a Amsterdam ana dab da gamawa, mutane da yawa suka ce ya ƙare. A Satumban 2019, yana da shekara 37, ya yi awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 41 a Berlin, daƙiƙa biyu kacal ya rage ya cimma tarihin duniya.

Akan so a kafa misali da John Stephen Akhwari na Tanzaniya, wanda ya faɗi ya goce gwiwa a Olamfik na Meziko a 1968, ya ci gaba da ɗingishi har ya shigo fili fiye da awa guda bayan wanda ya zo na ɗaya. Jarumta ce, babu musu. Amma a wannan tseren dai Abebe Bikila, wanda ya ci zinare a 1960 da 1964, ya tsaya tun kafin rabi saboda tsagewar ƙashin ƙafa. Ga ɗan kasuwar da zai koma ya tsaya a rumfa daga safe zuwa magariba, ko malamin da aji ke jira ranar Litinin, matakin Bikila ne abin koyi.

Haɗarin da ya fi yawa bayan irin wannan rana ba barin gudu ba ne, ramuwa ce. Mutum ya dawo gida da haushi, ya ninka atisaye, idan ƙafa ta yi ƙorafi ya nufi kemis. Diclofenac da ibuprofen suna ɓoye zafi ne kawai, kuma shan su kafin dogon gudu a cikin rana, ga ƙarancin ruwa a jiki, yana iya taɓa ƙoda. Tramadol kuwa, ban da jaraba da yake sawa, Hukumar Yaƙi da Shan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari ta Duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Maɗori yana da matsayinsa a garuruwanmu, sai dai tsagewar da gudu ke jawowa siririya ce, hannu ba ya jin ta, hoton asibiti ma kan kasa nuna ta a makonnin farko. Murza ta da ƙarfi ko ɗora mata ƙaho ba ya haɗa ta. Tafiya Gusau ko Sakkwato a ga likitan ƙashi ta fi arha a kan sabuwar jinyar wata uku.

Masu horarwa sukan ba da shawarar a huta 'yan kwanaki, a koma da tafiya haɗe da sassarfa, a tsallake rana tsakanin gudu da gudu, a fara ƙara nisa kafin a ƙara sauri, kuma a riƙa ɗan taka kwalta tun da wuri. Abu mai wuya shi ne kalanda. Wanda bai ji daɗin Legas ba a Fabrairu zai ji Okpekpe na kiransa a Mayu, don ya wanke kansa. Wata uku ne tsakani, daidai da mako 12 ɗin da agara ke buƙata babu ragi, kuma su ne watannin bazara da zafi ke haura digiri 40 a Zamfara. Hanyar Okpekpe kuwa hawa ce da gangara, irin wadda ta fi gwada agara da gwiwa. Mai ciwon da bai lafa ba gara ya bar ta ta wuce, ya sa ido a wani gajeren tsere na kusa bayan damina, lokacin da sanyi ya fara sauka.