Auna Saurin 'Yan Sakandare a Ƙwallon Amurka

Jama'a, kafin jami'a a Amurka ta ba ɗan sakandare sukolashif domin ƙwallon ƙafa irin nasu, takan duba saurinsa a tseren yadi 40, watau wajen mita 36 da rabi. To, rikicin yana wurin agogo. Mai riƙe da shi a hannu yakan makara wajen dannawa lokacin tashi, sai a rage wa yaro kusan rubu'in daƙiƙa. Wanda aka rubuta wa 4.4, mai yiwuwa 4.6 ya yi. Ko a gwajin masu shiga sahun ƙwararru, 4.21 da Xavier Worthy ya yi a 2024 tarihi ya kafa. Shi ya sa masu koyarwa sukan nemi sakamakon yaro na mita 100, wanda na'ura ta auna.