Yadda ake sassaƙa gita da hannu a ƙasar Ispaniya

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san gita. Ana jin ta a rediyo, ana ganin ta a hannun samarin Agadas da na Tawa ranar biki. Mdou Moctar, makaɗin nan ɗan jihar Tawa, gitarsa ta farko shi ya haɗa ta da kansa tun yana yaro, da guntun katako da wayar birkin keke. Amma akwai wata gita da ta girmi ta lantarki nesa. Ba ta son wuta, ba ta son batir. Akwati ne na icce, da dogon wuya, da tsirkiya 6. Gidanta ƙasar Ispaniya, can ƙetaren ruwa daga Maroko. Har yau akwai masassaƙa a Madrid da Giranada da Sebiya masu yin ta da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya ba ta siffar da aka sani yau wani kafinta ne, sunansa Antoniyo Tores. An haife shi a 1817 a wani ƙauye kusa da birnin Almeriya. Ya koyi aikin katako tun yana yaro, daga baya ya koma Sebiya ya buɗe shago. Kafin shi gita ƙarama ce, muryarta ba ta zuwa nesa. Ya faɗaɗa cikinta, ya rage kaurin fuskarta, ya yawaita sa tsawon tsirkiya santimetir 65. Masu wanga aiki na yanzu, galibinsu sawunsa suke bi.

Abin da ake tarawa

Makiyayi zai yi mamaki in ya ji yawan abin da garke ke bayarwa cikin gita. Gam ɗin da ake manna katako da shi, daga fatar saniya ake dafa shi. Ƴan sandunan nan biyu farare da tsirkiya ke hawa kansu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ƙashin saniya ne aka goge. A zamanin Tores, tsirkiya 3 sirara daga hanjin tunkiya ake murza su, 3 masu kauri kuwa siliki ne aka naɗe da waya. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, wajen 1947, aka koma ga nailan, ɗan uwan zaren kamun kifi. Babban makaɗin nan Andires Segobiya yana cikin waɗanda suka fara karɓar ta.

Icce kuma ba iri ɗaya ba ne. Wuya yana son icce marar nauyi wanda ba ya karkacewa. Allon da yatsu ke takawa yana son baƙin icce mai tauri, ɗan gidan kanya. Baya da gefe, masu kuɗɗi sun fi son wani jan icce mai ƙanshi na ƙasar Birazil. An sare shi har ya kusa ƙarewa, a 1992 ƙasashen duniya suka hana cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa. Haka ma madobiya, wadda makiyaya ke sassabo ma dabbobi ganyenta da rani, tun 2017 ba a fitar da ita waje sai da takardar izini.

Amma iccen da ya fi komi shi ne na fuska. Yana fitowa a kan duwatsun Turai masu sanyi, inda icce ke girma sannu sannu. Wani sai ya wuce shekara 100 kafin ya isa sara. Ana tsaga gungumen bisa jijiyarsa, a jera allunan a inuwa inda iska ke ratsawa, a bar su shekaru. Masassaƙi da yawa suna aiki yau da katakon da iyayensu suka ajiye.

Fuska ita ce fatar gita

Wanda ya taɓa riƙe gurmi ko molo ya riga ya san rabin sirrin. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya. Tana girgiza, jaki ya kai girgizar ga fata, fata ta buga iska, kunne ya ji. In fata ta yi sanyi da damina, gurmi ya dishe, sai an kai shi rana ko bakin wuta. To gita ba ta da fata. Wani allo ne siriri ke yin aikin fata.

Ana yin shi da allo biyu da aka fitar daga gungume ɗaya, a haɗa su baki da baki har haske ba ya ratsa tsakani. A huda ramin tsakiya, a yi masa ado kewaye da ƴan tsinkayen icce masu launi, kamar adon bakin tabarma. Sannan a shiga kankara. Ana kankare allon har kaurinsa ya dawo wajen milimetir 2 ko 2 da rabi, wato kaurin tsinken ashana. Tsakiya ta fi kauri kaɗan, gefe ya fi siranta.

Nan aikin ke da wuya. Tsirkiya 6 in an ɗaure su, jansu ya kai wajen kilo 40, ya kusa nauyin buhun siminti. Dare da rana suna jan wannan ɗan allo. In an bar shi da kauri, ba zai karye ba, amma gita ta zama bebiya. In an wuce wuri wajen kankara, murya ta yi daɗi wata biyu, daga nan allo ya kumbura ko ya tsage. Kuma abin da aka kankare ba ya komawa.

Don haka ake manna ƴan sanduna daga ciki, inda ido ba ya gani. Tores ya saba sa 7, a baje kamar yatsun hannu in an buɗe su. Aikinsu irin na azara ne a rufin soro: su riƙe nauyi ba tare da sun cika ɗaki ba. Su ma feƙe su ake yi kaɗan kaɗan. Masassaƙi ya ɗaga allon da yatsa biyu kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Ya lanƙwasa shi a hannu ya ji taurinsa. Ya ƙara kankara kaɗan, ya sake ƙwanƙwasawa. Mai sayen tukunya a kasuwa ya san irin wannan sauraro. Babu lamba ɗaya da za a rubuta a ce kowa ya bi, don allo biyu ba su taɓa zama daidai ba, ko da daga icce ɗaya suka fito.

Haɗawa

Mutanen Ispaniya kife suke gina gita. Ana shimfiɗa fuska a kan wani allon aiki mai ɗan kwari, a fara manna mata wuya. Gindin wuyan yana da tsaga biyu, dama da hagu, nan gefuna ke shiga. Gefunan kuwa alluna ne sirara da ake jiƙawa, a goga su a jikin bututun ƙarfe mai zafi, a tanƙwara sannu har su yi ƙugu. Mai gaggawa yakan ji ƙas, allo ya karye. Sai a manna gefe da fuska da ƴan guntayen icce masu yawa, ɗaya ɗaya, a rufe baya, a naɗe akwatin da igiya har gam ya kama.

Gam ɗin fata yana da halinsa. Da ɗumi ake shafa shi, wajen digiri 60, in ya huce ya daskare. Mai aiki ba ya tsayawa amsa sallama in ya shafa. Amma yana da kirki ɗaya da gam ɗin kanti ya rasa: da ɗan zafi da laima yana sakewa. Gitar da ta shekara 100 ana iya buɗe ta, a gyara, a rufe.

Ana kuma duban iska kafin a manna. Icce yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, ko da ya daɗe da yankewa. Shi ya sa gitar da aka haɗa a ƙasa mai laima, in ta zo Damagaram ko Maraɗi ta gamu da hunturu, sau da yawa fuskarta ke tsagewa. Mai irin wannan gita ya ajiye ta cikin akwatinta, nesa da rana, da ɗan jiƙaƙƙen tsumma a gefe wanda bai taɓa katako ba.

Bisa wuya ana kafa ƴan ƙarafa 19 a gicciye. Nan kam lissafi ne, ba ji ba. Na 12 dole ya faɗa tsakiyar tsirkiya, santimetir 32 da rabi daga sama. In ya goce, duk ƙwarewar makaɗi kiɗinsa ba zai daidaita ba.

Daga ƙarshe sai shafe. Akwai wani ɗan ƙwaro a Indiya da ke tara wani abu kamar ƙaro a jikin rassa. Shi ake narkawa cikin alkol, a ɗiga a ƙullin tsumma, a dinga murzawa kewaye kewaye. A bari ya sha iska, gobe a koma. Ana yin makonni a haka. Fenti mai kauri ya fi sauri, ya fi jure wahala, amma yana danne fuskar da aka sha wuya wajen sirantawa.

Gitar takarda

A 1862 Tores ya yi wani abu da ake ba da labarinsa har yanzu. Ya gina gita wadda bayanta da gefenta kwali ne, takarda da aka manna. Fuskar kaɗai ya yi da iccen kirki. Aka ɗaura tsirkiya, ta yi kiɗi. Masana suna cewa so ya yi ya nuna murya a fuska take, jan iccen nan mai tsada ba shi ne tushe ba. Wasu gitocinsa ma an tarar fuskarsu haɗe-haɗe ce, har da allo mai gaɓa wanda wani zai jefar.

Sana'ar ba ta wadata shi ba. Wajen 1870 ya rufe shagon Sebiya, ya koma Almeriya yana sayar da tangaran da kwanoni. A 1875 ya sake ɗaukar kayan aiki. Da ya tsufa hannunsa ya fara rawa, har wani limamin coci abokinsa ke taya shi wasu ayyuka. Limamin ya ba da labari cewa wata rana mutane sun roƙi tsohon ya bayyana sirrinsa kafin ya mutu. Sai ya nuna musu babban yatsansa da manuniya, ya ce nan abin yake, su ke gaya masa in allo ya isa, kuma ba shi da hanyar barin ma kowa su gado.

Ya rasu a 1892 da bashi a kansa. Gitar kwalin tana nan ajiye a gidan tarihin kiɗa na birnin Barselona.