Ko Kun Sani?

Mabiya addinin Jain na Indiya, waɗanda yawansu bai kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, sun gina rayuwarsu a kan aƙidar ahimsa, wato guje wa cutar da duk wani mai rai, shi ya sa ba sa cin nama ko kifi ko ƙwai. Masu tsanantawa daga cikinsu har albasa da tafarnuwa da dankali suke ƙaurace wa, domin tono su yana kashe tsiron tare da ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, kuma wasu malamansu sukan share wuri kafin su taka ko su zauna, gudun murƙushe ƙwaro. A birnin Delhi ma suna da asibitin jinyar tsuntsaye kyauta.