Faransancin Ɗalibin Garwa Jari ne a Jarrabawar Ingilishi

A takarda, Kamaru na da harsunan hukuma biyu, Faransanci da Ingilishi, kuma dokar watan Disamba na 2019 ta sake jaddada cewa darajarsu ɗaya. A titunan Garwa kuwa Fulatanci ne ke tafiyar da kasuwa, Hausa na biye, Faransanci ya riƙe aji da ofis. Ingilishi sai a darasi, 'yan sa'o'i a mako. To ga matashi ya gama digiri a Ngaundere ko Marwa, yana neman gurbin ƙaro karatu a Ingila, an ce sai ya kawo sakamakon IELTS, jarrabawar da ke auna sauraro da karatu da rubutu da magana, makinta mafi girma 9.

Abin da yakan fara yi shi ne ya nemo jerin manyan kalmomi ya duƙufa hadda. Wannan na ba ni takaici, don ƙarfinsa yake zubawa inda ya riga ya fi ƙarfi.

Ga dalili. A 1066 Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ƙarnuka. Shi ya sa kalmomin ilimi da shari'a da mulki a Ingilishi akasarinsu daga Faransanci da Latin suka fito. A shekarar 2000 wata malama a New Zealand, Averil Coxhead, ta tace rubuce-rubucen jami'a ta fitar da dangin kalmomi 570 da ke yawan maimaituwa a kowane fanni, su ne kusan kashi 10 cikin 100 na irin wannan rubutu. Ɗalibin Garwa in ya duba jerin zai tarar da tsofaffin sanayya birjik: analyse, concept, structure, hypothesis. Ɗan Kano yakan sha wuya kafin ya saba da su, shi kuwa tun a sakandare yake rubuta 'yan'uwansu.

Amma akwai tarko. Wasu kalmomin kama kawai suka yi, ma'ana ta rabu: librairie kantin littattafai ne, library kuwa ɗakin karatu. Irin waɗannan ba su da yawa, a ware musu littafi guda a gama da su.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan kalmomin yau da kullum, masu asali ɗaya da Jamusanci, da yadda suke haɗuwa da juna su ba da sabuwar ma'ana. Sai kuma lafazi: kalmar da ido ya sani sarai, kunne ya kasa gane ta don Bature ya danna wata gaɓa daban. A ɓangaren rubutu da magana na IELTS, kalmomi kashi ɗaya ne cikin huɗu na maki, kuma mai dubawa dacewa yake nema. Babbar kalma a gurbin da ba nata ba rage maki take yi.

Manazarci Paul Nation ya ƙiyasta cewa karanta jarida ko littafi ba tare da taimako ba na buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Hadda ba ta kai mutum nan, sai yawan karatu da sauraro. Kayan aikin ma suna kusa: jaridar Cameroon Tribune da tashar CRTV da harsunan biyu suke aiki, ga BBC a waya, ga Yola a maƙwabta. A rubuta kalma tare da jimlar da aka tsince ta, a waiwaye ta gobe, bayan mako, bayan wata.

Ina kira ga Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, da ta buɗe zauren hira da Ingilishi na mako-mako, kyauta, har ga waɗanda ba ɗalibanta ba.