Bobin ɗin tsofaffin motoci: volt 6 ko volt 12?

Duk makanikin da ya ƙuduri aniyar farfaɗo da tsohuwar mota, wajibi ne ya amsa tambaya guda kafin ya murɗa makulli: bobin ɗin da zai ɗaura, na volt nawa ne? Wannan ƴar gwangwani ita ke karɓar wutar batir ta ɗaga ta zuwa dubban volt, domin bugi ya yi tartsatsin da ke kunna mai.

Tushen ruɗanin yana cikin tarihi. Kamfanonin Amurka sun bar volt 6 tun tsakiyar shekarun 1950: Chevrolet a 1955, Ford a 1956. A Faransa kuwa, Peugeot 403 da 404 da volt 12 suka fito, alhali Citroën 2CV ba ta samu volt 12 ba sai a 1970. Ga shi kuma motocin da dama sun ratsa hannaye, an sauya musu batir da wayoyi, har shekarar ƙira ta daina zama hujja.

Shaida ta farko tana kan batir: ramuka 3 alamar volt 6 ce, ramuka 6 kuma volt 12, tunda kowane ɗaki volt 2 yake bayarwa. Ta biyu ita ce rubutun da ke jikin bobin. Idan tsatsa ta cinye shi, sai a sa na'urar awo tsakanin ƙananan kawunansa biyu, waɗanda Bosch ke yi wa lamba 15 da 1. Kusan om 3 na nuna bobin na volt 12. Kusan om 1,5 na nuna na volt 6.

Amma a nan tarkon yake. Akwai bobin na motocin volt 12 da shi ma yake nuna om 1,5, domin an ƙera shi ya yi aiki tare da wata waya mai rage wuta. Saboda haka dole a bi layin tun daga makulli, a gano ko tana nan.

Kuskure yana da tsada. Bobin na volt 6 da aka ba volt 12 kai tsaye zai sha wuta ninki biyu, zafinsa ya ninka sau huɗu, ya ƙone tare da bakunan da ke katse wuta cikin dilko. In aka yi akasin haka, tartsatsi ya raunana, mota ta ƙi tashi da safe. Kayan waɗannan motoci sun yi wuyar samu, awo kuwa minti biyu kacal yake ci. Rigakafi dai ya fi magani.